Hular da Ta Yi wa Yazid Yawa

Har gobe in na ji wata ta buɗe baki ta ce Inna Kulu ce ta lalata kan jikanta, jinina hawa yake yi. Ni ce Juwairiyya, ɗiyarta ta fari, kuma duk unguwarmu Damba, nan Gusau, an san ba na kwana da magana a ciki. Saƙa ce sana'ata. Hulunan jarirai da safa nake yi da kwarashi, mata su biyo ni har gida su saya, saura in aika kasuwa. Da hula maganar nan ta fara, saboda haka kada wanda ya zo ya koya mini yadda aka yi, a gaban idona aka yi.

Inna ita ce ungozomar 'Yankuzo tun ban san kaina ba. Rabin samarin da ke kabu-kabu tsakanin 'Yankuzo da Tsafe ita ta yanke musu cibi, kuma duk wanda ya gan ta a hanya sai ya tsaya ya ɗauke ta. Abin da aka fi yabonta da shi gashi ne. Takan tsoma tsumma a ruwan zafi, ta matse, ta bi jikin jariri da shi, sannan ta sa tafin hannu ta mulmula kansa a hankali don ya zauna daidai, kada yaro ya tashi da doguwar ƙeya. Mata har roƙonta suke yi. Tun da Baba ya rasu ba ta da abin tinƙaho a duniya sai waɗannan hannayen, da gaisuwar da ake yi mata saboda su.

Shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha, ƙanwata Zahra'u ta dawo gida goyon ciki daga Bunguɗu. Mijinta Haliru hatsi yake sayarwa a kasuwar Gusau. Ba shi da mugunta, wannan kam na shaide shi, amma a gaban uwarsa bakinsa ba nasa ba ne. Uwar tasa kuwa, Hajiya Tambaya, irin matan nan ce da ba a taɓa yin abu ya lalace a gidansu ba tare da sun samo wanda ya lalata shi ba. Ko akuya ce ta yi ɓari sai an nemo mai laifi.

Ina 'Yankuzo ranar da Zahra'u ta sauka, da hantsi. Namiji ne, shi aka raɗa wa Yazid. Inna ta yanke cibi, ta goge shi, ta naɗe shi a zane, ruwan gashi ma a lokacin ake hura masa wuta. Ni da ɗokina na ciro hular da na saƙa masa, shuɗiya mai farin baki, na sa masa. Sai ta zarce ta rufe masa ido har hanci. Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya, wata ta ce ai Juwairiyya wa mai gemu ta saƙa. Inna ma ta yi dariya, tana cewa a bar mata maigidanta, zai girma ya cika ta. Abin ya yi mini zafi, don ni ban taɓa kuskure awon kan jariri ba, hannuna ya haddace shi. Na cire hular na jefa a jaka, na ce wata rana ma ji.

Inna ta yi masa gashi safe da yamma yadda take yi wa 'ya'yan kowa, har aka yi arba'in, mai jego ta koma ɗakinta. Daga nan ne abu ya fara fitowa fili. Jikin yaro na girma, kai ya ƙi. Goshinsa ya kwanta baya, kunnuwa suka yi kamar ba nasa ba, maɗigarsa ta rufe tun ba a je ko'ina ba. Sa'o'insa suna zama, shi ko wuya bai riƙe ba. In ya yi kuka sai ya sandare. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin wanzami, duk ba abin da ya canja.

To, Hajiya Tambaya ta zauna ta yi tunaninta, ta fito da mai laifi. Ta ce tsohuwar 'Yankuzo ce ta matse masa kai da ruwan zafi tun ƙashi na ɗanye, ta haɗe maɗigar, ƙwaƙwalwa ta rasa wurin girma. Ba a ɗaki ta faɗa ba. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan makoki, ta faɗa wa masu kawo mata rake daga fadama. Maganar ta hau mota ta sauka Gusau, ta sake hawa ta sauka Tsafe ranar kasuwa, kafin la'asar ta isa 'Yankuzo. Kuma ka ga mutane, waɗanda Inna ta karɓi haihuwarsu da hannunta, su ne suka fara shafa kan 'ya'yansu suna dubawa. Wata ta tuna ɗanta ba ya gane karatu. Wata ta tuna ɗiyarta na yawan ciwon kai. Allah wadan naka ya lalace, in ji ni, don ban taɓa ganin butulci irin wannan ba.

Da na je duba Inna, na tarar da ita zaune bakin ɗaki ta zabge, zanenta har yana zamewa. Maƙwabciyarta ce ta ja ni gefe ta faɗa mini cewa ɗiyar gidan da ke jikin katangarmu ta yi naƙuda, aka wuce ta ƙofar Inna aka ɗauko wata daga wani ƙauye a kan babur. Inna tana jin nishin yarinyar ta katanga, ba wanda ya kira ta. Na shiga na zazzaga faɗa, na ce zan bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya in tuna musu wa ya fito da su duniya. Inna ta ce in zauna. Ita ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "ke". Ta juya tafin hannayenta sama ta zuba musu ido.

"Ke, in gaskiya suka faɗa fa? Na tsufa. Wataƙila hannuna ya yi nauyi ban sani ba."

Nan ne hankalina ya tashi. Zagin mutane ban damu da shi ba, na iya ramawa. Amma a ce uwata da kanta ta yarda ita ta nakasa jikanta, tana kwana tana tashi da wannan, tuwo ya ƙi wuce mata, wannan ba zan zuba ido ba. Na rantse sai na wanke hannayen nan a gaban wadda ta shafa musu baƙi.

Na tari Haliru a rumfarsa a kasuwa, gaban abokan sana'arsa, don na san a nan ba zai iya yi mini gardama ba. Na ce ya kawo mini Zahra'u da yaron in kai su asibiti. Ya fara 'yan kame-kame, wai Hajiya ba ta son asibiti, wai ga wahalar mai, mota ba ta samuwa. Na ce buhunan gerona dai ba su taɓa rasa mota ba. Da ya ga murya tana ɗagawa, ya ce to. Ya faɗa wa uwarsa wai Zahra'u za ta zo gaishe ni ba ni da lafiya. Namiji da gemunsa, sai ya yi ƙarya kafin ya kai ɗansa wurin likita.

Mun sha zama a asibiti. Tun safe muke kan benci har rana ta take, yaro na kuka, mata na leƙen kansa suna taɓa juna. Wata ta daɗe tana kallo, na tambaye ta ko ɗanta ne ya ɓata. Zahra'u ta yi ta jan mayafina. Da aka kira mu, muka sami likitan yara, wani siriri mai tabarau, Likita Lawali, gajiya duk ta fito masa a fuska. Ya ɗauko tef irin na tela ya zagaya kan Yazid, ya taɓa inda maɗiga take, ya ɗaga hannayensa da ƙafafunsa, ya haska masa ido. Ban bari ya gama ba na kwashe labarin gashi da na Hajiya Tambaya na zuba masa. Ya bar ni na yi, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya lura da girman kan ranar da aka haife shi.

Wallahi nan take na tuna. Na buɗe jaka na lalubo hular nan, tana nan tun ranar, na ajiye masa a kan tebur. Na ce wannan awon jariri sabon haihuwa ce, na saƙa irinta ba iyaka, kuma ta rufe masa fuska tun ruwan gashi bai tafasa ba. Ya juya ta a hannunsa, ya ɗora wa Yazid. Yaron da ya kusa shekara, sai a lokacin ta zauna masa daidai. Zahra'u ta sunkuyar da kai ta fara hawaye.

Likitan ya ja kujera ya yi mana bayani, kuma na riƙe shi tsaf don na san inda zan kai shi. Ya ce ƙwaƙwalwa ba bayan haihuwa ake gina ta ba, tun ciki yana ƙarami ake yi, tun uwa ba ta fara jin motsi ba. Da farko wasu 'yan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, ba su da aiki sai rabuwa. Ɗaya ta tsage ta zama biyu, biyun su zama huɗu, kowace irin uwarta, haka har su yi yawa. Sai wani lokaci ya zo su canja hali. In ɗaya ta rabu, guda ta tsaya ta ci gaba da rabuwa, guda ta tashi ta tafi inda za ta zauna ta zama ƙwayar ƙwaƙwalwa ta sosai, mai aikin ji da gani da motsi, ita kuwa wannan ta gama rabuwa ke nan har abada. Can gaba su ma masu rabuwar su ƙare. Ya ce a cikin kowace ƙwaya akwai abubuwan da ke ce mata ci gaba, akwai masu ce mata dakata, su ne ke tsaron lokacin. In suka yi daidai, adadi ya cika. In aka yi gaggawa, ƙwayoyin suka bar rabuwa tun ba su yi yawa ba, ƙwaƙwalwa ƙarama za ta fito. Ƙoƙon kai kuwa ita yake bi, in ba ta tura shi ba ba ya buɗewa, shi ya sa maɗigar ta rufe da wuri.

Nan take na gane, don abin da nake yi kullum ke nan. Hula daga tsakiyar kai ake fara ta, kina ƙari a kowane zagaye faifan yana faɗi, sai a wani wuri ki daina ƙari ki sauka gefe. In kika daina ƙari da wuri, ko wuni kika yi kina saƙa ƙaramar hula za ki samu. Na faɗa masa haka. Ya ce ba laifi, kusan haka ne.

Zahra'u ce ta tambayi abin da ya kawo gaggawar. Ya ce ba shi da kayan da zai gane. Wani lokaci ciwo ne ya kama uwa tana da ƙaramin ciki, ko da ɗan zazzaɓi da ƙuraje ne da ba ta kula da su ba. Wani lokaci gado ne, uwa ta kawo rabi uba ya kawo rabi, ba wanda ya san yana ɗauke da shi. Ko wanne ne, ba laifin kowa ba ne, kuma ba shi da maganin da zai ƙara girman kan, sai dai ya koya mata yadda za ta riƙa motsa masa gaɓoɓi da ba shi abinci. Ya ce shi ma ba ya son gashin nan, ruwan zafi na ƙona fatar jariri, kuma matsa kai ba ya gyara komai. Na ce ba wannan na tambaye shi ba, ni hannun uwata nake tambaya. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ko da tsohuwarku ba ta taɓa ganin yaron nan ba, haka kansa zai kasance. An gama wannan tun da sauran watanni a haife shi."

Washegari na hau motar Tsafe, daga can kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Ban ko cire mayafi ba na zauna gaban Inna na maimaita mata komai, har da hular. Ta sa na sake faɗa. Da na kai wurin da likita ya ce ko ba ta taɓa ganin yaron ba, sai ta rufe fuska da hannayen nan ta yi kuka mai sauti, kukan da ko a mutuwar Baba ban ji ta yi ba. Ni ma na taya ta. Ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Da ta wanke hannu sai ta tambaye ni, wato tun a ciki abin ya faru. Na ce tun a ciki. Ta ce a cikin Zahra'u ke nan. Na ce to a cikin wa kuma, ai ba Haliru ne ya ɗauki cikin ba. Ta gyaɗa kai. Ta ce ita dai Allah ya wanke ta a zuciyarta, ya ishe ta, kada a je Bunguɗu. Na ce ina, a bainar jama'a aka ɓata ta, a bainar jama'a za a gyara. Ta roƙe ni, na ƙi. Da ta ga ko da ita ko ba ita sai na je, da gari ya waye ta ɗauko mayafinta na unguwa.

Bayan azahar muka isa Bunguɗu. Hajiya Tambaya na zaune kan tabarma a ƙarƙashin dogonyaron tsakar gidanta, ga 'yan'uwanta mata da maƙwabta sun kewaye ta suna gyaran gyaɗa. Daidai yadda nake so. Haliru na nan, ranar bai je kasuwa ba, yana cin abinci. Zahra'u ta fito da Yazid a kafaɗa, tana ganinmu fuskarta ta canja. Aka gaisa sama-sama. Hajiya ba ta ko ce wa Inna ga wuri ba, Inna ta rakuɓe a bakin tabarma.

Ban yi wani kwana-kwana ba. Na ce na zo ne a kan sharrin da aka yi wa uwata. Na ciro hular na ɗaga kowa ya gani, na ba da labarin ranar haihuwa, na ce akwai mata a 'Yankuzo da suka yi mini dariya, suna da rai, a je a tambaye su. Sannan na kawo bayanin likita dalla-dalla, da ƙwayoyin da rabuwarsu da lokacin da suka yi gaggawar tsayawa. Na ga wasu daga cikin matan sun daina ɓarar gyaɗa suna saurare. Na rufe da cewa tun yaron nan yana ciki aka gama komai, saboda haka duk bakin da ya zagi hannun Inna ya ji kunya.

Na zaci Hajiya za ta yi borin kunya, na shirya mata. Sai ta yi murmushi. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta juya ta dubi Zahra'u tun daga sama har ƙasa.

"To, madalla. Ashe mahaifar ce ba ta da kyau. Ashe duk abin da za ta haifa muna haka zai fito."

Na ce ba haka likita ya ce ba, ya ce yana iya zama gado daga ɓangare biyu, har da na ɗanta. Ta ce a zuriyarsu kaf, tun daga kakanni, ba a taɓa haihuwar irin wanga kai ba, a je a bincika. Na ce yana iya zama zazzaɓi. Ta ce ai zazzaɓin ma a jikin wa ya sauka. Duk ƙofar da na buɗe sai ta rufe ta da Zahra'u. Matan nan da suka fara saurarena suka koma kallon ƙanwata, kallon da ake yi wa tukunyar da ta tsage. Sannan Hajiya ta juya ga ɗanta, ta ce ita ba ta tara dukiya don a cika mata gida da nakasassu ba, tun da 'yar'uwar matar da bakinta ta kawo shaidar likita, shi namiji ne, ya san abin yi, kuma kada rana ta faɗi bai yi ba.

Na dubi Haliru. Na ce ya yi magana, shi ya ba da izinin zuwa asibitin. Bawan Allah nan ya kafa wa kwanon tuwonsa ido kamar a ciki amsar take. Zahra'u na tsaye, ta ƙanƙame yaron. Tana son mijin nan, ban san abin da ta gani a jikinsa ba, amma tana sonsa, kuma in ta fita da wannan tambarin ba mai sake kallonta daga Bunguɗu har Tsafe. Na buɗe baki zan wanke Hajiya tas, in ya so duk abin da zai faru ya faru.

"Juwairiyya, rufe bakinki."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba sai ranar. Ta miƙe a hankali, ta matsa gaban Hajiya Tambaya, macen da ba ta girme ta ba, ta durƙusa gwiwa biyu a kan ƙasa.

"Hajiya, ki bar batun yarinyar nan, zafin kai gare ta. Hular ta yi mishi yawa don ita ta saƙa ta da yawa. Likita ba shi nan sa'ad da aka yi gashi, ni ina nan. Ruwan ya yi zafi, na danna da ƙarfi, na ji ƙashin ya motsa a tafina. Tsoro ya hana ni faɗi. Cikin ɗiyata lafiya lau yake. Ni ce, ki gafarce ni."

Ƙarya take yi. Na san ƙarya take yi, Zahra'u ta sani, Haliru ma ya sani, kuma ita da ta ci tuwon murna jiya ta fi kowa sani. Na ce Inna ki ji tsoron Allah. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Hajiya Tambaya ta gyara zama, fuskarta ta washe, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya ta ce sun dai ji da kunnensu, ita dama ta faɗa. Ta ce ta yafe don Allah, Zahra'u ta zauna ɗakinta, amma da sharaɗi: har abada hannun nan kada ya sake taɓa ɗan gidanta. Inna ta ce ta yarda, har da godiya. Haliru ya sauke ajiyar zuciya ya ci gaba da cin tuwonsa.

A mota ban bar ta ta huta ba. Ban damu da fasinja ba, na yi ta yi tun daga Bunguɗu har muka hango Gusau. Na ce ta zubar da mutuncinta a gaban wadda ba ta kai ta ba, ta mayar da ni maƙaryaciya, ta sayar da aikin shekara da shekaru don ragon namijin da ba ya iya ɗaga kai daga kwano. Na ce gobe maganar nan za ta isa 'Yankuzo, kuma yanzu da bakinta ta amsa, ba mai sake wanke ta. Ina yi ina kuka don baƙin ciki. Ita kuwa tana kallon gonaki ta taga. Sai da muka kusa tasha ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita ta ji abin da likita ya ce kuma ta gode mini, yanzu tana iya barci. Ta ce ita ta tsufa, ko ba wannan ta kusa ajiye aikin, Zahra'u kuwa yanzu ta fara rayuwa. Na ce wannan ba hujja ba ce. Ta ce ba hujja ta ba ni ba, labari ta ba ni.

Yadda na faɗa haka aka yi. Ba wanda ya sake kiranta haihuwa. Samarin kabu-kabu suka koma gaishe ta daga nesa. Tasar gashinta ta koma ta ba kaji ruwa. Ni dai ban daina ba, duk wadda ta zo sayen hula sai ta ji bayanin ƙwayoyin nan ko tana so ko ba ta so, amma sai su ce ai ita da kanta ta amsa. Kuma kada wanda ya ce mini da ban je Bunguɗu ba da ba a yi haka ba. Gaskiya na kai, ban ga laifina ba. Laifin na wadda ta karɓi gaskiya ta mayar da ita wuƙa ne, da wanda ya zauna yana cin tuwo.

Shekarar da soja suka miƙa mulki Zahra'u ta sake haihuwa, a Bunguɗu wannan karon, ba a bari ta zo gida ba. Mace ce, aka sa mata Maijidda. Kanta ƙato, lafiya lau, maɗiga na bugawa. Muka je suna ni da Inna. Na sa wa jaririyar hular da na saƙa, ta zauna mata cif. Yazid na kwance gefe a kan katifa, Zahra'u ta yi masa kwalliya shi ma, yana bin mutane da ido. Hajiya Tambaya ta ɗauki jaririyar tana zagayawa da ita cikin mata, tana cewa su duba kai, su ga abin da ake samu in an tsare yaro daga mugun hannu. Lafiyar yarinyar ma ta zama shaida a kan uwata.

Zuciya ta ɗebe ni. Na tashi na karɓe jaririyar daga hannun Hajiya, na ratsa mata, na je lungun da Inna ke zaune na ɗora mata ita a cinya. Na ce jikarta ce, ta riƙe abarta, in ga wanda zai hana.

Inna ta dubi yarinyar. Ta dubi goshin, ta dubi kunnuwan, ta dubi inda maɗiga ke motsi ƙarƙashin hular. Sai ta ɗaga hannayenta duka biyu sama, daidai kafaɗa, inda kowa zai gan su. Haka ta riƙe su, ba ta sauke ba har Zahra'u ta zo ta ɗauke ɗiyarta.